Tsarin Ban Ruwana da Lauyan Anbariyya

Aikina ban ruwan dabino ne. Shekara ashirin da bakwai ina yin sa a gona guda a Awali, unguwar gonaki a garin Manzon Allah, ƙarƙashin kafili guda, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa cewa bishiya ta mutu da ƙishirwa a hannuna ba. Na fara da wannan ne don kada a ɗauka wani malalaci ne ya zo yana kukan an hana shi takarda.

Gonar tana da bishiya ɗari uku da arba'in, rijiya ɗaya, inji ɗaya. Injin ba ya iya shayar da su duka a yini guda, saboda haka dole wasu su jira. Da na zo, layi-layi ake bayarwa: a fara daga katangar gabas, a dangana da ta yamma, a koma farko. Wadda ta ƙoshi a ƙara mata, mai ƙishirwa ta jira kwana huɗu don layi bai zo kanta ba. Na yi shekara biyu ina kallon wannan rashin kan gado ina haɗiye magana, domin baƙo ne ni, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ma sabuwa. A shekara ta uku na sayi littafi da fensir.

Ga abin da na tsara. Na farko, na ba kowace bishiya lamba, na rubuta a gwangwani na rataya mata. Na biyu, na samo rodi mai tsawon kamu biyu ina soka shi a gindin bishiya. In ya nutse ba wahala akwai laima, maki ɗaya ke nan, in ya ƙi shiga ƙasa ta bushe, maki uku. Na uku, shekaru: ƙarama wadda saiwarta ba ta yi nisa ba uku, tsohuwa ɗaya. Na huɗu, halin 'ya'ya: wadda ke cika 'ya'ya uku, wadda ta kusa nuna ɗaya, don yawan ruwa a lokacin yana lalata dabino. Sai a haɗa, mai maki mafi yawa ita ce farkon sha. In biyu sun yi daidai, a fara da wadda ta fi nisa da rijiya tun rana ba ta yi zafi ba. Na biyar ya zo ne daga baya, bayan wata tsohuwar bishiyar dabinon ajwa ta kusa bushewa don kullum makinta ƙasa yake: duk wadda aka tsallake kwana biyu a jere, a ƙara mata maki biyu.

Ba wanda ya koya mini wannan. Aji shida na yi a firamare a garinmu, sai allo. A karatun nan nawa ban ga inda aka yi maganar dabino ba.

Babbar 'yata a nan aka haife ta, a Harra ta Gabas, a gidan hayar da muke ciki har yau. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa Uwata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta Larabci ne. Ta yi karatun kwamfuta, ta girma ta kama aiki. Wata safiya bayan asuba ta same ni ina kusanto da littafin ina nesanta shi, idona ya fara gazawa da ƙananan lambobi.

"Baba, wannan ai barnamij ne," in ji ta, bayan ta duba shafi biyu.

"Mene ne?"

"Manhaja, ya'ani. Abin da ake sa wa waya. Kai kawai da fensir kake yi."

"To ki bar ni da fensirina."

Ba ta bar ni ba. Wata uku tana tambayata tana rubutawa, har ta sa abin a wayata: in shigar da lambar bishiya da abin da rodi ya nuna, waya ta jero mini layin sha na ranar. Ban yarda da ita nan take ba. Kwana arba'in ina yi a littafi ina yi a waya ina gwadawa. Sau biyu suka saɓa, kuma duka biyun laifin wayar ne, don Uwata ta manta da ƙa'ida ta biyar. Da ta gyara ba su sake saɓawa ba.

Daga nan abin ya bazu. Ma'aikatan gonakin maƙwabta, 'yan Nijar da 'yan Sudan, suka riƙa zuwa ana sa musu. Ban hana kowa ba. Sai wata rana kafilina, dattijo ne mai mutunci da ya riƙe ni da kyau, ya kira ni ƙarƙashin rumfa ya ce ɗan ƙanensa injiniya ne, ya ga abin ya yi sha'awa, yana so ya zo ya yi nazarinsa.

"Amma ya haj," in ji shi, "kafin ya zo ka je ka nemi takarda da sunanka. Na san yaran zamani. Ni ba ni da haƙƙi a ciki, kanka ya fito."

Takardar da yake nufi ita ce wadda suke kira bara'a, shaidar hukuma cewa wane ne ya ƙirƙiro abu kaza. Na kwana biyu ina tunani. Shekaruna sittin da ɗaya. Wata rana za a ce iƙama ba ta sabuntuwa, in haɗa kaya in koma gida. Ban gina gida a nan ba, ba a ba irina fili ba. Abu ɗaya nake so in bari a garin Manzon Allah: a ce tsarin nan wane ne ya yi shi, a rubuce, da hatimi.

Wani ɗalibi ɗan Kano da muke salla masallaci ɗaya ya kwatanta mana wani lauya a unguwar Anbariyya mai wannan aikin. Muka je ni da Uwata ranar Talata da hantsi. Ofishin yana saman wani shagon jakunkuna, sai an hau bene mai ƙunci. Lauyan mutum ne kakkaura mai fara'a, kakanninsa Hausawa ne da suka zauna a Sudan, Hausarsa da nauyin Larabci amma tana fita. Ya kawo shayi, ya ce da ni ammi, wato baffa.

Ya saurari bayanina daga na farko har na biyar bai katse ni ba. Na ji daɗin wannan. Sai ya juya ga Uwata ya shiga tambaya.

"Manhajar tana magana da injin? Tana kunna shi, tana kashewa?"

Ta ce a'a.

"Akwai wani abu da aka binne a ƙasa mai auna laima yana aiko mata?"

Ta ce babu, Baba ne ke sokawa da hannu.

"Tayyib. To ita wayar, akwai wani abin da manhajar ta gyara a aikinta? Ta sa ta fi sauri, ko ta rage cin batir, ko ta adana bayani ta wata sabuwar hanya?"

Ta ce gaskiya babu, haɗa lambobi ne da jerawa.

Ni kuwa ina zaune raina yana ɓaci. Tambaya uku, duka a kan waya da inji, ba ko ɗaya a kan dabino. Na fahimci abin a baibai. Na ɗauka yana so ya nuna cewa wayar ce mai basira, ni kuwa mai soka rodi ne kawai. Ashe shi ƙofa yake nema mana, ni ban sani ba.

"Malam lauya," na ce, "wayar nan ba ta san komai ba. Ni na gaya mata. Shekara ashirin ina yi babu ita."

"Na gane, ammi, amma bari..."

"A'a, ba ka gane ba. Kira mini bishiya goma sha biyu, ka ba kowace lambobin da ka ga dama. Ita ta shigar a waya, ni in yi da ka. Mu ga wa zai riga."

Uwata ta taɓa mini hannu ta ce, "Baba, khalas, ya isa." Na janye hannuna. Lauyan ya yi murmushi, ya ɗauki takarda ya shiga kira. Na rufe ido ina haɗawa. Kafin ta shigar da ta takwas na jero masa sha biyun duka, har da biyu da suka yi daidai na raba su da nisan rijiya. Da ta gama ta juya masa wayar. Layi ɗaya ne, babu bambanci ko a wuri guda.

Na jingina da kujera ina jiran ya ce masha Allah. Ya faɗa ɗin, amma ya ajiye biro.

"Ammi, Allah ya ƙara basira. Amma ka yanke shari'ar da kanka. Da a ce a gaban masu duba takardar ka yi wannan, da ka hutar da su."

Ya yi bayani a hankali. Ya ce abin da mutum zai iya yi da kansa, ko da fensir da takarda, ba a ba shi bara'a, ko da sabo ne, ko da yana da amfani. Hanyar lissafi, hanyar tsara aiki, hanyar yanke shawara, duk an fitar da su. Ya ce sa abin a cikin waya ba ya canza shi, domin wayar tana yin abin da kaina ya yi ne kawai, kuma ni da bakina na tabbatar. Da a ce manhajar tana karɓar awo daga ƙasa, ta buɗe bututu ta rufe da kanta, to da akwai magana, don an warware matsala da na'ura.

"To wannan da 'yata ta rubuta fa?"

"Wannan rubutu ne, kamar littafi. Ana iya yi masa rajista da sunan wanda ya rubuta, ba mai kwafe shi ba izini. Amma in wani ya zauna ya rubuta nasa da kalmominsa, yana jera bishiyoyi kamar yadda kake jerawa, bai yi laifi ba."

Na tambaye shi: in wani ya lanƙwasa ƙarfe ya yi sabuwar ƙugiyar hawa dabino, ana ba shi? Ya ce in sabo ne da gaske, ana iya ba shi. Na ce wato mai lanƙwasa ƙarfe na awa biyu yana da suna, wanda ya shekara yana lura da bishiya ɗari uku ba shi da suna? Wane irin awo ne wannan? Ƙugiya tana hawa da mutum ɗaya bishiya ɗaya. Tsarina ya rage mana kunna inji, ya ceci ƙananan dashe, ya sa ma'aikaci uku suna yin abin da biyar ke yi suna faɗa. Don ba a iya ɗaga shi a hannu a nuna, shi ke nan ba a ƙirƙire shi ba? Da kansa ya faɗo?

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Ammi, ka san abin da takardar nan take yi? Hani take yi. In an ba ka, duk ɗan Nijar ɗin da ke haɗa lamba uku a gindin dabino sai ya nemi izininka. Ka yarda a kama maƙwabcinka don ya yi lissafi a kansa?"

"Ni ban ce a kama kowa ba. Suna na ce."

"To ba takardar yabo ba ce. Ofishin yabo kuwa ba a buɗe shi ba tukuna."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Maganarsa ta shiga, ban musa ba, amma ba ta rage mini komai ba. In doka ta san yadda za ta hana, ta kasa sanin yadda za ta ce wane ne ya fara, to dokar ce ba ta cika ba. Haka na gani a ranar, haka nake gani yau.

Muka sauko. A mota, da muka wuce masallacin Anbariyya, Uwata ta ce, "Sai da na taɓa ka don ka bari, Baba." Na ce na ji. Ta ce ko ban yi gwajin ba amsar ɗaya ce, don ba za mu yi wa mutumin ƙarya ba. Na san lallashi ne, amma na san kuma gaskiya ce.

Kwana biyar bayan haka na koma ni kaɗai. Tunda ƙarfe suke so, na ce ai ina da ƙarfe. Na naɗe rodin a buhu na shiga motar haya, direban yana ta kallona ta madubi. Na hau benen ina kare shi kada ya fasa musu fitila. Na kwance shi a kan teburin lauya.

Ya dube shi, ya dube ni.

"Ammi, zuwa ka yi ka doke ni?"

"Na'ura ka ce. Ga ta."

"Wannan rodi ne. Akwai dubu irinsa a kowane gini."

"Duba nan." Na nuna masa tsaga uku da na yi da zarto, kowace da tazararta, waɗanda ke raba maki ɗaya da biyu da uku. Na yi shekara biyu kafin in daidaita inda za su zauna.

A nan ya daina wasa. Ya sa tabarau, ya juya rodin, ya auna tsagogin da yatsa. Sai ya girgiza kai ya ce sanda mai alamomi don auna zurfi tsohon abu ne, ko ta gwada man inji a mota haka take. Ya ce basirar tana wajen sanin inda za a sa tsagar, wannan kuwa ya sake komawa cikin kaina. Na naɗe rodina. Ya raka ni har bakin bene yana cewa in yi haƙuri, in gaida 'yar. Na ce za ta ji.

Da yamma Uwata ta zo da wata dabara. Ta buɗe fom ɗin rajistar manhajar a kwamfutarta ta nuna mini inda ake rubuta marubuci. Ta ce akwai wurin mutum biyu, za ta sa sunana a sama, nata a ƙasa. Ga suna, ga hatimi, magana ta ƙare.

Na ce ta karanta mini abin da aka tambaya a wurin. Ta karanta: wanda ya rubuta manhajar.

"Harafi nawa na rubuta a ciki?"

"Ya Baba, ba don kai ba da babu ita!"

"Ba shi na tambaya ba. Nawa na rubuta?"

"Wa zai bincika? Wallahi ba mai tambaya."

"Ni zan tambaya. A ɗora ni a kan aikinki kamar wanda aka ɗauko a hanya don tausayi? Na yi nawa, sun ce ba su da wurinsa. Ba zan shiga ta naki in ce na samu ba."

Ta yi fushi. Ta ce taurin kaina ne ya sa na shekara ashirin da bakwai a gona ɗaya. Uwarta ta leƙo daga kicin ta ce ta iya bakinta. Na ce a bar ta, ba ƙarya ta yi ba. Na tsaya a kanta har ta goge sunana ta aika da nata shi kaɗai. Da takardar ta fito na sa an yi mata gilashi, don haƙƙinta ne, wata uku ta yi tana wahala.

Injiniyan ya zo bayan an gama girbi. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da farar mota, da ladabi daidai gwargwado. Ya ce zai binne na'urorin auna laima, ya sa marufi mai buɗe kansa a kowane bututu, amma yana bukatar ƙa'idojina don na'urar ta san wa za ta fara ba. Na gane nan take: wannan ita ce ƙofar da lauya ya yi ta nema, injiniyan ne zai shiga, da ƙarfensa da wayoyinsa.

Na yi tunanin in ƙi. Amma ƙa'idojin suna cikin wayar kowane ma'aikaci a Awali, kuma in ya tsinto su a baibai bishiyoyin ne za su sha wahala. Sai na ce masa zan faɗa, da sharaɗi ɗaya. Na ce a garin nan, in ɗalibi ya ɗauki karatu wajen malami, ba ya cewa a sama ya tsinta. Yana cewa na karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Haka ake yi a Masallacin Annabi har gobe. Na ce ya buɗe sabon shafi, ya rubuta a sama da hannunsa cewa ya karɓi wannan tsari daga gare ni, da cikakken sunana da na mahaifina da garinmu.

Ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, hadisi ne?"

"Ba hadisi ba ne. Amma ba kai ka yi ba."

Ya ga ba wasa nake ba, ya rubuta. Na karɓa na duba, ya yi kuskure a sunan garinmu, na sa ya gyara. Sannan na fara daga na farko. Da muka zo na biyar ya ce wannan ƙarami ne, zai ƙara daga baya. Na ce ya rubuta yanzu, na tsaya har ya rubuta.

Na buga wa lauya waya na gaya masa abin da na yi, na tambaye shi ko shafin nan zai shiga cikin takardar da injiniyan zai nema. Ya ce ba dole ba ne. In abin da zai nema a kan marufi ne da na'ura, sunan wanda ya haɗa su za a sa, sai dai in shi ya ga dama ya ambace ni a bayani. Na ce to, na gode.

Yanzu an haƙa ramin binne na'urorin a gindin bishiya sittin na layin gabas, sauran suna jira. Ban tambayi injiniyan ko ya ga dama ba, kuma ba zan tambaye shi ba. Abin da ya san daidai ne ba sai na roƙa ba.